Yadda Sunana Ya Shiga Takardar Harajin Muntari

Kwana uku da saukata Manchester na gane cewa aikin asibitin da na baro Funtuwa dominsa babu shi. A shekarar 2002 ne, ina da shekara talatin da ɗaya, nas ce ni mai shekara tara a bakin aiki, aurena na fari ya mutu ba haihuwa. Mutumin da ya shirya mana takardun tafiya, wani mai kamfanin ɗaukar ma'aikata, ya tara mu mu shida a wani gida a Fallowfield, ya ce asibiti sai mun yi watannin gwaji tukuna, kafin nan a gidan kula da tsofaffi za mu yi aiki. Ya karɓe fasfunanmu wai zai adana mana. A cikin mu shidan ni kaɗai ce Bahaushiya. Aka ba ni ɗakin can sama, inda in na miƙe sosai kaina ke taɓa silin.

Gidan tsofaffin na da nisa, bas biyu nake shiga. Aikina wanka da canza zanen gado da ba da abinci a baki. Ban raina aikin ba, amma abin da ke zuwa hannuna bayan kamfanin ya cire na ɗaki da na mota da wasu abubuwan da ban san sunansu ba, bai wuce na burodi da katin waya ba. Ranar Lahadi in kira Inna, in ce mata lafiya lau, komai daidai, in ajiye in zauna bakin gado ina kallon bango. Akwai tsohon da ya ce baƙar mace ba za ta taɓa shi ba, ya watsa mini shayi a riga. Akwai kuma wata tsohuwa, Misis Dora, da ta kama hannuna wata safiya ta ce ya yi sanyi da yawa, ta buɗe durowa ta miƙo mini safar hannunta ta ulu, ta ce ita ba inda za ta sake zuwa. Da safar nan na ci sanyin shekarar.

Wata biyar ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba. Wata Asabar da la'asar ina cikin bas a Oxford Road, direba ya taka birki, ledar hannuna ta fashe, albasa ta watse ƙarƙashin kujeru. Na ce, "Wayyo Allah, yau na shiga uku."

Sai na ji daga bayana an ce, "Ba ki shiga uku ba, ɗiyata, albasa ce kawai."

Na waiwaya na ga wata dattijuwa gajera, da mayafi a kan rigar sanyi, ta sunkuya tana tsince mini. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba. Sunanta Mma Adiza, 'yar zangon Kumasi ce ta ƙasar Gana, ta fi shekara ashirin a Ingila tana sharar ofisoshi. Ranar ba ta bar ni na koma Fallowfield da wuri ba. Ta kai ni fulat ɗinta a Hulme, hawa na huɗu, ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo, ta zauna tana kallona ina ci ina ba ta labari. Da na zo kan maganar fasfo, ta ajiye ludayin hannunta.

Ranar Litinin ta ɗauki hutu ta sa ni gaba har ofishin mutumin nan. Ta zauna a kujerar baƙi, ta ciro carbi, ta ce da shi da Turancinta mai kauri ba za ta tashi ba sai fasfon ɗiyarta ya fito, in kuma ya ɓace masa ne, ga waya nan, a kira 'yan sanda su taya shi nema. Ba a yi minti ashirin ba fasfona ya fito. Sauran biyar ɗin ma a makon suka karɓi nasu. Ƙarshen watan na kwashe kayana na koma wajen Mma. Ina zaune a wajenta na ƙarasa gwajin, aka ba ni lambar rajistar nas, wani asibiti a Manchester ya ɗauke ni.

A bangon falonta akwai hoton wata mace mai wushirya. Fati ke nan, 'yarta tilo, wadda ta rasu shekara biyu kafin zuwana, ta bar miji da 'yan mata biyu a Birmingham. Mijin, Muntari, direban bas ne, shi ma ɗan Kumasi, ya daɗe da samun takardar zama ɗan ƙasa. Duk ƙarshen wata yakan kawo yaran su ga kakarsu: Sadiya mai shekara takwas da Nana mai biyar, masu Turancin Birmingham da sai na kasa kunne sosai nake ganewa. Mutum ne mara yawan magana. Abin da na fara lura da shi kitson yaran ne, a karkace, wani ƙato wani siriri. Na tambayi Sadiya wa ya yi mata, ta nuna babanta. Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Daga ranar duk zuwansu ni ke tsefe musu in sake.

Mma ce da kanta ta yi maganar, muna gyaran wake a kicin. Ta ce, "Zuwaira, ni ce uwar wadda ta mutu, don haka ba wanda zai ce na ci amanarta. Yaran nan suna son ki. Ubansu ma na ga yadda yake rasa inda zai sa idonsa in kin shigo. Ki yi tunani."

Na yi tunani, na yi istihara, na kira gida. A farkon 2004 aka ɗaura aure a masallaci, bayan mako guda muka je ofishin rajistar aure muka sa hannu. Gidan Muntari na unguwar Selly Oak a Birmingham, a wani layi da duk maƙwabtanmu ɗalibai ne. Watanni biyun farko ina tsakanin garuruwa biyu: kwana huɗu ina aiki a Manchester ina kwana wajen Mma, kwana uku ina Birmingham. Na san hanyar nan har na gaji da ita. Ana cikin haka wani asibiti a Birmingham ya ce in zo.

To a nan ne maganar takarda ta taso. Akwai wani tallafi da ofishin haraji ke bai wa masu ƙaramin albashi da ke riƙe da yara, a can taks kiredit ake ce masa. Tun da aka fara shi Muntari ke karɓa a matsayin uba mara mata, kuma da shi yake cike giɓin haya da kuɗin mai kula da Nana in yana kan aiki. Kansil, wato ƙaramar hukuma, su ma suna rage masa harajin gida tunda shi kaɗai ne babba a ciki. Sai ga fom ya zo na sabuntawa, da tambaya a fili: kai kaɗai ne, ko kana da mata?

Muntari bai saba cike fom da kansa ba. Akwai wani Alhaji Bawa, ana ce masa Akawu, mai ɗan ofis a saman wani shagon katin waya a Bristol Road, shi ke cike wa mutanenmu takardu ana ba shi na goro. Can muka je wata Laraba da hantsi. Ya tarbe mu da fara'a, ya yi mana Allah sanya alheri, ya tambaye ni nawa nake ɗauka a asibiti. Da na faɗa, ya danna na'urar lissafi ya juya ta wajen Muntari.

Ya ce, "Ka gani? In ka rubuta kana da mata, za su haɗa albashinta da naka su ce ku masu hali ne. Tallafin nan kusan duka ya tafi. Ragin kansil ma ya tafi. Singil za ka rubuta, wato ba ka da mata, kamar bara."

Na ce, "Alhaji, ai mun sa hannu a ofishin aure."

Ya yi dariya. "Amarya, ofishin aure daban, ofishin haraji daban, ba sa gaisawa. Ki bar adireshinki a Hulme wajen Hajiya. Bankinki, likitanki, duk a can. Kada wasiƙa ko ɗaya ta zo Selly Oak da sunanki. In an buga ƙofa an tambaya, ke ƙanwarsa ce kin zo ziyara." Ya ga fuskata ta canza, sai ya ce in ba shi fasfona. Ya buɗe ya nuna mini wani layi a jikin bizar. "Karanta nan. An ce ba ki da izinin taɓa kuɗin gwamnati. Ranar da sunanki ya shiga fom ɗin nan, ke da kanki kin kai ƙarar kanki. Jirgi za su sa ki. Ni taimakonku nake."

Muntari ya karɓi fom ɗin ya ce za mu yi shawara.

Sai da muka shiga gida na ce, "Baban Sadiya, ƙanwarka zan zama ke nan?"

Ya ce, "A takarda ne kawai."

"To yaran fa? In an tambaye su a makaranta wa ke gidanku, me za mu koya musu su ce?"

Ya zauna a hannun kujera ya shafa kansa. Ya ce, "Ki saurare ni, Zuwaira. Ni ban ga ƙaryar da na yi ba. Wa ke ciyar da yaran nan? Ni. Wa ke biyan haya? Ni. Kuɗinki naki ne, haka addini ya ce, haka na taso na gani. Su Turawa ne ke ganin abin da mace ta samu na gida ne. Ban aure ki don ki ciyar da ni ba. Kina so a ce Muntari ya auro nas don ta riƙe masa gida?"

A nan na gane ba kwaɗayi ke damunsa ba, kunya ce. Ni ma kuwa tsoron jirgin nan ya riga ya shige ni. Washegari na koma Manchester yin kwanakin aikina na ƙarshe, fom ɗin na kan firiji ba a cike ba.

Mma na ganina ta san da magana. Na zayyana mata. Ta ce, "Ni ban iya takarda ba, ba zan ce miki Bawa ya yi daidai ko bai yi ba. Amma akwai waɗanda suka iya, kuma ba sa karɓar ko sisi." Ta kai ni wani ofishin ba da shawara kyauta a nan Hulme, muka zauna a layi tun safe har kusan azahar. Wadda ta gan mu wata dattijuwa ce 'yar asalin Jamaika, mai tabarau a rataye da igiya. Ta karanta bizata a tsanake, ta ɗauko wani littafi mai kauri ta duba, ba ta tsaya nan ba sai da ta buga waya ta tambayi wani. Sannan ta cire tabaran ta ce mini tunda mijina ɗan ƙasa ne, doka ta yarda mu nema tare, sunana a fom ɗin ba zai taɓa bizata ba. Ta ce ma ba zaɓi ba ne: mai aure da ke zaune da matarsa dole tare za su nema, kuma akwai wa'adin sanarwa, namu saura 'yan makonni. Wanda ya ɓoye aka gano, zai mayar da duk abin da ya karɓa, ga tara, wani har kotu. Ta ƙara da cewa ranar da zan nemi zama na dindindin ta hanyar aure, wasiƙun da suka zo gida ɗaya da sunayenmu biyu za a ce in kawo.

Ta ce, "Kuɗinku zai ragu, ba zan ɓoye miki ba. Sosai ma." Ta rubuta mini komai a takarda da hannunta, ta raka mu har ƙofa. Ban san sunanta ba, ban sake ganinta ba, amma har yau tana cikin addu'ata.

Ranar Asabar Mma ta ce da ita za a tafi Birmingham. Mace mai ciwon gwiwa, ta hau doguwar bas da kular abinci a cinya. Bayan an ci an sha, ta tura yaran sama, ta dubi Muntari.

Ta ce, "Muntari, ka san ban taɓa sa baki a gidanka ba, ko lokacin Fati."

Ya ce, "Haka ne, Mma."

"Yau zan sa. Yarinyar nan ni na tsince ta a bas, mutum ya riƙe mata fasfo, ba ta da suna a ko'ina a ƙasar nan. Da ƙafata na je na karɓo mata. Na ba ka ita ta riƙe mini jikokina, sai ka ce ta ɓuya in an buga ƙofa? In adireshinta zai zauna a Hulme, to ita ma ta zauna a Hulme, ina da gado."

Ya ce, "Mma, ba haka nake nufi ba. Abin ne ba zai ishe mu ba."

Na miƙa masa takardar da matar nan ta rubuta. Ya karanta sau biyu. Na ce, "Baban Sadiya, ci da sha da haya naka ne, ba zan taɓa su ba, ba zan ƙwace maka girmanka ba. Ka bar mini harajin kansil da kuɗin wuta da kayan makarantar yara. Ba bashi ba ne, ba kuma taimako ba ne. A gidan nake kwana, ni ma ina jin sanyi in an kashe hita. Yaran nan kuma da bakinka ka ce nawa ne. In nawa ne, ka bar ni in saya musu takalmi."

Ya tashi ya sa rigarsa ya fita, bai dawo ba sai magariba. Lahadi ya raka Mma tasha, ya dawo, bai ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na riga na yanke a raina cewa in ya rubuta singil zan bi Mma, kuma tunanin barin yaran nan ya hana ni cin abinci.

Talata ce ranar hutunsa. Da muka dawo daga kai yara makaranta, ya ɗauko fom ɗin daga kan firiji, ya jawo wayar gida, ya ce in kawo fasfona da lambar inshorata ta aiki. Ya daɗe a layi ana sa masa kiɗa. Da aka ɗauka ya gyara murya ya ce ya kira ne ya sanar ya yi aure. Na ji matar da ke can ta yi masa murna. Ta tambayi ranar, ya faɗa. Ta tambayi sunan matar, ya faɗa, ta ce ya maimaita, sai ya shiga jero mata shi harafi bayan harafi, a hankali, yana kallona. Da ya ajiye ya ce, "Shi ke nan, Amarya. An san da ke." Na shiga kicin na kunna famfo don kada ya ji ni.

Shekarar ta yi mana wuya, ba zan ce ba ta yi ba. Tallafin ya koma ɗan kaɗan, aka kuma ce mu mayar da na makonnin da suka wuce tun ranar auren. Muntari ya sayar da tsohuwar motarsa, ya koma karɓar aikin Asabar. Abin da yake aika wa mahaifiyarsa Kumasi ya ragu, abin da nake aika wa Inna ma haka, kuma dukansu biyu ba wadda ta yi ƙorafi. Watan farko da na biya kansil, kwana biyu yana cin abinci kai a ƙasa. A hankali ya saba, har ya kai in takardar wuta ta zo ya ajiye mini a kan filo yana tsokanata wai ga wasiƙar masoyina. Alhaji Bawa kuwa in mun haɗu a wajen suna yakan ce mun yi wauta, kuma na yarda har ransa haka yake gani.

Mma Adiza ta rasu shekara huɗu bayan haka, a gidanmu na Selly Oak, a ɗakin da muka gyara mata da gwiwar ta hana ta hawa bene. Ni na yi jinyarta, ni na yi mata wanka. Duk abin da na zama a ƙasar nan, bayan Allah, ita ce. Allah Ya haskaka kabarinta, Ya saka wa duk wanda ya miƙo mini hannu a hanyar nan, wanda na sani da wanda ban san sunansa ba.

Wasiƙar farko da ta zo da sunayenmu biyu kuwa, bayan kiran nan da mako uku ta iso. Muntari ne ya buɗe. Ya duba, ya ɓata rai, ya ce an yar da harafi ɗaya, an rubuta Zuwara. Na ce ya bari, ai ba komai, ni ce dai. Ya ce bai yarda ba. Yana sanye da kayan aiki, abokin aikinsa na jiransa a waje yana danna hon, ya zauna ya sake bin layin wayar nan kusan rabin sa'a. Na ji shi yana ce wa mutumin, da Turancinsa na direba mai ladabi, "Don Allah a gyara. Matata ce, ina so a rubuta sunanta daidai."